Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Jama'a, malamai da ɗalibai, ina so in yi mana magana a kan wani masauki da kowane ma'aikaci ya nufa, amma kaɗan ne ke son a ambata shi, watau ritaya. Na san wani ɗalibi zai ce, "Malam, ko takardar shaida ba mu karɓa ba, ko aji ba a ba mu ba, ina mu ina zancen barin aiki?" To, bari mu yi ɗan lissafi tare, tun da lissafi ba baƙonmu ba ne.

Yaro ya yi shekara 6 a firamare, ya yi 6 a sakandare, ya zo kwaleji ya yi 3. Shekara 15 ke nan ana shirya shi domin aiki. In ya kama aiki yana da shekara 22, ya yi shekara 35 yana koyarwa, zai ajiye alli yana da 57. In Allah ya ja kwanansa ya kai 80, ka ga da sauran shekara 23 a gabansa, babu ƙararrawa, babu rajista, babu albashi. Wannan zama ya fi duk karatunsa tsawo, amma babu makarantar da ke koyar da shi. Shi ya sa na ga ya kamata mu duba shi tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga Ina Ritaya Ta Zo?

Kakanninmu ba su san ritaya ba. Manomi a Kwandere ba ya samun wasiƙa a ce masa ran kaza ka ajiye fartanya. In ƙarfi ya ragu sai 'ya'ya su karɓi huɗar doya, shi kuwa ya koma ga abin da ya fi sauƙi, kamar ɓarar gyaɗa, da duban awaki, da sasanta 'yan rigingimun gida. Ya kan sauko a hankali, kamar mai saukowa daga tsani. Ma'aikacin albashi kuwa rana ɗaya a ke diro da shi. Jiya shi ne hedimasta, yau wani ne a kujerarsa.

Aikin albashi shi ya zo da ritaya. A ƙasar Jamus, a 1889, gwamnatin Bismak ta kafa fensho domin ma'aikatan da suka kai shekara 70. A nan Nijeriya an yi dokar fensho a 1951, aka mai da ƙarfinta baya zuwa 1 ga Janairu, 1946. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya sauka in ya kai shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 da kama aiki, wadda duk ta riga zuwa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ƙara wa malaman makaranta zuwa 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Farfesoshin jami'a kuwa tun 2012 aka kai nasu 70. Duk wannan jinkiri ne kawai. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Abu Huɗu Da Aiki Ke Ba Mutum

In ka tambayi malami me aiki ke ba shi, zai ce albashi. Gaskiya ne, amma bai ƙirga duka ba. A ganina aiki yana ba mutum abu huɗu. Na ɗaya kuɗi. Na biyu dalilin tashi da safe, watau sanin akwai inda a ke jiranka. Na uku abokan hira, waɗanda ku ke gaisawa kullum ba tare da ka je nemansu ba. Na huɗu martaba, a gan ka a ce ga Malam, ga Malama.

Ran da aka miƙa maka takardar sallama, duk huɗun nan su kan tsaya lokaci guda. Fensho kuwa na farkon kaɗai ya ke mayarwa, shi ma ba duka ba. Sauran ukun babu ofishin da ke biyansu. Na lura da tsofaffin malamai iri biyu tsakanin Kwandere da Lafiya. Akwai mai fensho mai kauri, amma kullum yana ƙofar gida da rediyo, yana duban waya ko saƙon banki ya shigo, ransa a ɓace. Akwai kuma wanda nasa bai kai rabin wancan ba, amma in ka je wurinsa sai an aika gona ko majalisa a kira maka shi, ya zo yana dariya. Bambancinsu shi ne, na biyun ya shuka abin da zai maye gurbin ukun nan tun yana bakin aiki. Bari mu bi su ɗaya-ɗaya.

Kuɗi, Da Iyakarsu

Kada wani ya ce na raina kuɗi. Mai jin yunwa ba ya jin wa'azi, tsohon da a ke bi bashi kuwa ba ya barci. Sabo da haka ya wajaba kowane malami ya san tsarin da ya ke ciki. A da gwamnati kaɗai ke biyan fensho da garatuti daga baitulmali. A 2004 aka kawo tsarin karo-karo, aka kafa Hukumar Fensho ta Ƙasa, wadda a ke kira PenCom. Ma'aikaci ya ba da kashi 7.5 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki ya ba da 7.5, a zuba cikin asusu mai sunansa. A 2014 aka gyara dokar, ta koma kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai aikin. Watau in albashin da a ke lissafi da shi naira 100,000 ne, naira 18,000 ke shiga asusun kowane wata, 216,000 ke nan a shekara. In mutum ya sauka, ya kan karɓi wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa ba shi wata-wata. Amma kowace jiha sai ta yi tata doka, kuma ba duka ne suka koma wannan tsari ba. Don haka ranar da ka kama aiki ka tambaya, ka kuma adana takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da ta kowane ƙarin girma. Mutane da yawa sun sha wahala wurin tantancewa sabo da takarda ɗaya da gara ta ci.

Sai dai kuɗi suna da wata cuta, ita ce ramewa. Dubi mafi ƙarancin albashi: naira 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Ba arziki aka yi ba, tsada ce ta kori albashi. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100, watau abin da aka saya naira 1,000 shekara guda kafin nan ya koma kusan 1,350. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173 da na 210, ya ce a sake duban fensho duk shekara 5, ko duk sa'ad da aka gyara albashin ma'aikata. Amma abin da ke takarda dabam, abin da ke shiga aljihu dabam, kuma kowa ya san yadda 'yan fensho su ke jiran haƙƙinsu a jihohi da dama.

To, mene ne magani? Abin da na gani shi ne, ba yawan kuɗi ke kwantar da hankalin mai ritaya ba, ƙarancin abin da ke cinye su ne. Mutumin da ke kwana a ɗakin kansa, ko da na laka ne, ba a binsa bashi, rumbunsa da hatsi, wannan ko fensho ya yi wata uku bai zo ba zai jure. Wanda ke gidan haya, ga 'ya'ya ƙanana a firamare yana da shekara 60, shi kam kowane ƙarshen wata tashin hankali ne.

Sa'an nan a yi hattara da kuɗin dunƙule. Mutumin da bai taɓa riƙe miliyan ba, in ta faɗo hannunsa rana ɗaya, masu ba da shawara su kan yi masa yawa kamar ƙuda a kan mangwaro. Wannan ya ce ya sayi motar haya, alhali bai san ko inda a ke zuba mai ba. Wancan ya ce ya ƙara aure. Wani ya ce ya kawo dubu ya karɓi dubu biyu. Masu shekaru cikinku za su tuna da MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disamba 2016, aka bar jama'a da salati. Sana'ar da ba ka koya da ƙaramin kuɗi ba, kada ka shige ta da babba.

Dalilin Tashi Da Safe

Hutu yana da daɗi wata ɗaya, wata biyu. Bayan haka sai ya zama ciwo. Jikin da ya saba shekara 35 da tashi da asuba ba ya yarda da zaman banza, zuciya kuma ta fi jiki ƙin sa.

Mu mutanen wannan yanki Allah ya yi mana gata, don ƙasarmu tana karɓar doya, da rogo, da riɗi, da gyaɗa, da shinkafa, da itatuwan marmari. Amma noma ba a fara shi da furfura. Malamin da ya ke so ya ci gona bayan ritaya, sai ya fara da 'yar kadada tun yana aiki, ya yi kurakuransa sa'ad da albashi ke rufa masa asiri. Ya kuma dasa itace, don itace shi ne fenshon da ba ya bukatar tantancewa. Mangwaron da aka yi wa aure ya kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, kashu ma kusan haka, kuma su yi ta bayarwa shekara da shekaru. In ka dasa goma kowace damina, kafin ka sauka kana da lambu.

A nan ina da gargaɗi ga 'yan'uwana na Kwandere. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1 ga Oktoba, 1996, aka mai da Lafiya hedkwata, gari ke ta miƙe ƙafa. Ga kuma filin jirgin sama da aka buɗe a Kwandere a 2022. Masu neman fili suna zuwa da kuɗi a hannu. Wanda ya sayar da gonar gado duka ya ci, ya sayar da kuɗin cefanensa, ya kuma sayar da inda zai je da safe. Kuɗin za su ƙare, gonar kuwa ba ta dawowa.

Ba kowa ne manomi ba, na sani. To, malami yana da sana'ar da ba ta tsufa. Tun zamanin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 har yau ba a rasa manya masu son koyon karatu da rubutu ba. Akwai yara masu shirin jarrabawa, akwai kwamitin iyaye da malamai, akwai ƙungiyar gama kai da ke neman mai riƙe mata littafi da gaskiya. Akwai kuma tarihin garuruwanmu da tatsuniyoyinmu, waɗanda ke tafiya kabari tare da tsofaffi don babu mai rubutawa. Wa ya fi tsohon malami dacewa da wannan?

Manyan mutane ma haka suka yi. Juliyas Nyerere na Tanzaniya, wanda mutanensa ke kira Malam don koyarwa ce sana'arsa ta fari, ya sauka daga mulki da kansa a 1985, ya koma ƙauyensu Butiyama yana noma, daga baya kuma ya shiga sasanta rikicin Burundi har ya rasu a 1999. Jimi Kata na Amurka ya bar mulki a 1981 yana da shekara 56, ya ɗauki yaƙi da kurkunu, Janar Yakubu Gowon ya taya shi a nan ƙasar, har a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da cutar. Ya rasu a Disamba 2024 yana da shekara 100. Nan kusa da mu, Mai Shari'a Sidi Bage ya ajiye kujerar Kotun Ƙoli a 2019, ya dawo gida aka naɗa shi Sarkin Lafiya. Ba kowa zai yi sarauta ba, ba kowa zai kori cuta ba, amma kowa yana da unguwar da ke bukatarsa.

Jama'a Ita Ce Jari

In an ce in zaɓi ɗaya cikin huɗun nan, wannan zan zaɓa. A 1938 masana a Jami'ar Harbad ta Amurka suka fara wani bincike, suka bi rayuwar maza 724, 268 ɗaliban jami'ar, 456 kuwa yaran unguwannin talakawa na birnin Boston. Suka bi su tun ƙuruciya har tsufa, suna auna lafiyarsu, suna tambayarsu halin da su ke ciki, shekara fiye da 80 ana abu ɗaya. Abin da suka samu shi ne, kyakkyawar hulɗa da mutane ta fi dukiya da suna tasiri ga jin daɗi da lafiya. Waɗanda suka fi jin daɗin zamansu da mutanensu suna da shekara 50, su ne suka fi lafiya da suka kai 80. Waɗanda suka fi jin daɗin ritaya kuwa su ne waɗanda suka yi ƙoƙarin samun sababbin abokai a madadin na wurin aiki. Ka ga Turawa sun yi shekara 80 kafin su tabbatar da abin da Bahaushe ya faɗa da kalma uku: mutum rahama ne.

Amma a nan ne malami ya ke da haɗari. Canjin wurin aiki ya kan yi ta yawo da shi, yau Akwanga, gobe Keffi, jibi Awe. In bai kula ba, sai ya yi shekara talatin ba a gan shi wurin suna ko jana'iza a garinsu ba. Ran da ya kwaso kaya ya dawo, sai ya tarar tsararrakinsa sun saba da rashinsa, yara kuma suna tambaya wane ne wannan baƙo. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Zumunci a ƙafa ya ke, kuma ba a biyan bashinsa a dunƙule kamar garatuti. Sai kaɗan-kaɗan, kowane hutu.

Cikin gida ma akwai gyara. Maigidan da ya saba fita da safe ya dawo da la'asar, in ya koma zama wuni guda, sai ya fara ƙirga ashana da leƙen tukunya. Uwargida kuwa ta yi shekara talatin tana tafiyar da gidanta ba sufeto. Malam, gida ba aji ba ne, iyali kuma ba 'yan makaranta ba ne. Wanda ya mai da matarsa abokiyar shawara tun da ƙuruciya, shi zai sami abokiyar hira da tsufa. Malama mai ritaya kuma, jikoki za su cika mata ɗaki, abin farin ciki ne. Amma kada ta bari reno ya raba ta da ƙawayenta, da adashinta, da ajin matan unguwa.

Lafiya Uwar Jiki

Mu da babban birninmu ke amsa sunan Lafiya bai kamata a tuna mana wannan ba. Gona da zumunci duk da ƙafa a ke yinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 kwana biyar. Ta kuma ce gishirin da mutum zai ci a rana kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a haɗa da wanda ke cikin ɗunƙulen miya. Hawan jini da ciwon suga ba sa sallama, su kan daɗe cikin jiki mutum bai sani ba. In ka haura 40 ka riƙa zuwa ana auna ka. Kuɗin awo kaɗan ne, kuɗin shanyewar ɓarin jiki kuwa ya kan cinye garatuti duka. Rigakafi ya fi magani.

Martaba Da Wadatar Zuci

Saura na huɗu, shi ne ya fi wuyar faɗa. Waɗansu ba rashin kuɗi ke damunsu ba, rashin gaisuwa ne. Jiya in ya shigo kowa ya miƙe, yau ya je ofis an ce ya jira a benci, wanda ya ce ya jira kuwa yaron da ya koya wa abacada ne. In mutum ya ɗauka kujera ce shi, ran da aka ɗauke kujera sai ya rasa kansa. Sarki goma, zamani goma. Ka bar wa na baya su yi nasu, in sun tambaye ka ka ba da shawara, in ba su tambaya ba ka yi musu addu'a.

Girman da kujera ta ba ka yana tafiya da kujera. Wanda hali ya ba ka shi ke bin ka gida. A nan malami ya fi kowane ma'aikaci sa'a. In kana da yara 40 a aji kowace shekara, cikin shekara 35 ka koyar da mutum 1,400. Cikinsu za a sami likita, da direba, da 'yar kasuwa, da mai unguwa. In ka riƙe su da adalci, ba ka ci kuɗinsu ba, ba ka wulakanta su ba, to, ka ajiye gaisuwa a kowace tasha da kowane asibiti. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. In kuwa akasin haka ka shuka, shi ma yana nan yana jiranka.

Sa'an nan ga ibada. Musulmi ko Kirista, mai ritaya ya sami abin da ya daɗe yana cewa ba shi da shi, watau lokaci. Wurin ibada yana ba shi dalilin fita, yana haɗa shi da jama'a, yana kuma koya masa ya dubi wanda ya fi, ba wanda ya fi shi ba. Wadatar zuci ita ce arzikin da tsada ba ta ramar da shi.

Abin Yi Tun Yanzu

To, 'yan'uwa ɗalibai, ga abin da na ke roƙonku. Daga albashin fari ku ware wani abu, kome ƙanƙantarsa, ku saba da rashinsa. Ku sami akwati mai kyau domin takardunku. Ku dasa itace a damina ta fari. Ku koyi wata sana'ar hannu bayan alli. Kowane hutu ku je gida, ku gai da tsofaffi, ku zauna a majalisa. Ku riƙe yaran mutane amana. Mu kuma malamai da furfura ta fara leƙowa, kada mu ce lokaci ya wuce. Mai sauran shekara biyar, in ya dasa mangwaro bana, zai sha 'ya'yansa kafin a ba shi takardar sallama.

Allah ya sa mu gama aiki lafiya, ya ba mu tsufa mai amfani, ya sa ƙarshenmu ya fi farkonmu kyau, amin.